Hangen Kufena Ba Hawansa Ba Ne

Sharhinmu na yau a kan dutse yake, da masu hawansa.

Duk wanda ya tashi a nan Tudun Wadar Zariya ya san Kufena. In ka miƙi hanyar Wusasa, ga shi can yamma da gari ya yi zaune, baƙi ƙirin in damina ta wanke shi, fari-fari in hunturu ya busa. Har makaranta gare mu mai sunansa, tsohuwar St. Paul's da ta koma Kwalejin Kufena. To amma je ka majalisar da ka ga dama, daga Agoro har Gyallesu, ka tambayi wanda ya taɓa taka ƙololuwarsa. Za ka samu ɗaya ko biyu da suka hau tun suna 'yan makaranta, sauran kuwa dariya za su yi maka. Wani ya ce, "Me na ajiye a can?" Wani ya ce, "Wannan ai aikin Turawa ne, su da suka ƙoshi." Dattijo kuma ya gyara zama ya ce maka dutse ba ya rasa masu shi, a ƙyale su su huta. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba. Mu Zazzagawa hangen muka iya, a nan muka tsaya.

Tunda an ce aikin Turawa ne, bari mu je ƙasar da ba ta Turawa ba. Japan, wadda muka sani da Toyota da Honda da Yamaha. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar nan tsaunuka ne. A tsakiyar babban tsibirinsu, Honshu, akwai jerin tsaunuka uku, Hida da Kiso da Akaishi, waɗanda ake haɗawa a ce musu Alps na Japan. Dutsen Fuji da muke gani a jikin kalanda, mai tsayin mita 3,776, ba ya cikinsu, kuma duk tsayinsa tafiyar ƙafa ce kawai, mai juriya zai kai. Waɗanda ke sa gwiwar gwani rawa suna cikin jerin Hida. Akwai Yari, mita 3,180, mai tsinin kai da ake hangowa daga nesa. Akwai Tsurugi, mita 2,999, wanda Japanawa da kansu ke sa hanyarsa cikin mafiya haɗari da wanda ba gwani ba zai iya bi.

Mai zuwa Yari yakan tashi daga kwarin Kamikochi, wanda shi kansa yana kan tudun mita 1,500. Daga nan tafiyar kusan kilomita 20 ce, galibi kwana biyu, ana bin gaɓar kogi cikin daji har itatuwa su ƙare, ya rage daga kai sai tsakuwa da iska. Sanyi na ƙaruwa, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Numfashi na gajarta, domin a wannan tsayi iskar da ƙirji ke ja ba ta wuce kashi 70 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba. A kafaɗar dutsen akwai masauki, ka ci abinci mai zafi ka kwana. Da asuba sai a fuskanci abin da ya rage, wajen mita 100, kuma nan ne ake ajiye sanda. Hannu da ƙafa, sarƙar ƙarfe da aka kafe a jikin dutse, sannan tsani na ƙarfe a miƙe tsaye. Saman ba shi da faɗin da ya wuce na zauren gidan mai unguwa, ga rami dama ga rami hagu. A watan Yuli da Agusta layi ake yi, wani ya sauko wani ya hau. A Tsurugi kuwa akwai wani wuri da suke kira tafiyar ƙaguwa, inda mutum zai manna ƙirji da bango, ya riƙe sarƙa, ya dinga jan ƙafa gefe-gefe, ba ya ma ganin inda zai ajiye takun farko sai ya laluba.

Ku san wa ke cikin layin nan? Ba samari majiya ƙarfi kaɗai ba. Ma'aikatan da suka yi ritaya ne, da tsofaffin mata masu furfura, da malaman makaranta. Kuma ba don ƙafarsu ta fi tamu ba. Manomin da ke huɗa tun safe har azahar a Giwa ko Soba, ko yarinyar da ke tallar fura daga rugage zuwa Tudun Wada, ba su da abin koyo a wajen kowa kan juriya. Abin da ke kai tsohuwar Japan saman Yari shi ne wani ya riga ta zuwa ya gyara mata hanya.

A 1828, shekarar da Abu Ja, ɗan gidan sarautar Haɓen Zazzau, ya kafa garin Abuja na asali wanda yau muke ce wa Suleja, a shekarar ce wani malamin addinin Buda mai suna Banryu ya hau ƙololuwar Yari, da jagorancin wani ɗan ƙauyen wurin, Nakata Matajuro. Da mutumin nan ya sauko bai zauna yana ba da labarin bajintarsa ba. Yawo ya shiga yi yana neman taimakon ƙarfe daga mabiyansa, don a ƙera sarƙa a rataya a wurin da ya fi wuya, na baya su samu abin riƙewa. An kafa sarƙar a 1840, shekarar da ya rasu. Ba ruwanmu da abin da yake bautawa a can sama. Abin da ya yi wa na bayansa shi ne abin dubawa.

Na Tsurugi ma ya fi ban mamaki. A 1907 ma'aikatan safiyo na soja, ƙarƙashin Shibasaki Yoshitaro, suka sha wahala suka kai sama, suna zaton su ne na farko tun da aka halicci dutsen. Sai suka tarar da tsatsattsen takobi da kan sandar wani mai ibada, waɗanda masana suka ce sun haura shekara 1,000 a wurin. Ba a san sunan mai su ba har gobe.

Daga sarƙar Banryu zuwa yau, abin ya zama tsari. A jikin duwatsu an shafa fenti: da'ira na nufin bi nan, gicciye na nufin kada ka kuskura. A wuraren da suka fi matsi an raba hanyar hawa da ta sauka. Masaukai na ba da hayar hular kwano saboda tsakuwar da na sama ke turowa. Kafin ka shiga hanya za ka cike takarda: sunanka, inda za ka bi, ranar da za ka dawo, da wanda za a kira in ba a gan ka ba. A jihar Gifu abin ya zama doka tun 2014, a Nagano tun 2016. 'Yan sandan jihohin nan suna da rundunar ceto ta musamman da jirage masu saukar ungulu. Shara kuwa, abin da ka hau da shi da shi za ka sauko. Da cunkoso ya yi yawa a Fuji, a 2024 suka sa ƙofa a babbar hanyarsa, da kuɗin shiga yen 2,000, da ƙa'idar mutum 4,000 a rana. A 2025 suka mayar da kuɗin yen 4,000.

Duk da haka dutse na cin mutane. Ƙididdigar 'yan sandan Japan ta 2023 ta nuna sama da mutum 3,500 ne suka shiga matsala a tsaunukansu, sama da 300 suka mutu ko suka ɓace. Kusan rabin waɗanda abin ya shafa 'yan shekara 60 ne zuwa sama. Kuma abin da ya fi yawa a ciki ba faɗowa daga bango ba ne, ɓatan hanya ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne suna da lissafin. Sun san nawa suka hau, nawa suka ɓace, a wace kwana, da ƙarfe nawa. Mu in yaro ya zame a dutse ya karye, sai a kai shi wajen mai ɗori, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ke nan magana ta mutu, har wani ya sake zamewa a daidai wurin.

Akwai wata haɗuwa a tarihin nan da ta shafe mu kai tsaye. Baturen da ya tallata tsaunukan Japan ga duniya, Walter Weston, ɗan mishan ne na ƙungiyar CMS, ya isa can a 1888, ya fitar da littafinsa a kansu a 1896. Mu ma CMS ɗin ce ta aiko mana da namu Walter ɗin, Likita Mila, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa wajen 1929, a gindin Kufena. Ƙungiya ɗaya, suna ɗaya, kowa a gindin dutse. Amma a lura, Weston bai koya wa Japanawa hawan dutse ba. Wani maharbi ne, Kamijo Kamonji, ke shiga gaba yana nuna masa inda zai taka. Abin da suka ɗauka a wurinsa shi ne cewa mutum na iya hawa don lafiyar jiki da buɗe ido, ba sai don farauta ko ibada ba. Suka kafa ƙungiyar masu hawan dutse tasu a 1905, suka mayar da yankin gandun ƙasa a 1934, kuma tun 2016 ranar 11 ga Agusta hutu ce a duk ƙasar, ranar tsaunuka. Namu Walter ɗin ya bar coci da asibiti da makaranta, ya yi abin da ya kawo shi. Dutsen ba nasa ba ne balle a ce ya bar shi. Namu ne.

Kuma ba ƙaramin dutse ba ne in ana batun asali. Gaskiya ne a tsayi ba ya kusa da Yari, bai kai mita 1,000 daga bakin teku ba, ita kuwa Zariya da ma tana zaune a kan sama da mita 600. Hawan safiya ɗaya ne, ka dawo ka karya kumallo. Amma masana ilimin ƙasa na cewa irin dutsen Kufena ya haura shekara miliyan 500, alhali tsaunukan Japan jiya-jiya suka taso in an gwada, har yanzu ma ba su gama tasowa ba. Ga tarihin mutane. Tarihin Zazzau ya nuna sarauta ta zauna a Turunku, ta zauna a Kufena, kafin ta tabbata a birnin da muke gani yau, kuma sunan Bakwa Turunku da na 'yarta Amina suna manne da wannan ƙaura ta ƙarni na 16. Kufan ganuwa na nan a kewayen dutsen. Masana tarihin tono na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi ta sun auna tun shekarun 1970, kuma Kufena na cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana. Kakanninmu ba su yi wa dutse kallon wurin aljanu kaɗai ba. Mafaka ne ranar yaƙi, wurin hangen maƙiyi ne, garuruwanmu a gindinsa suka tsiro: Kano a gindin Dala, Kwatarkwashi a gindin nata, Zazzau tsakanin Kufena da Madarkaci. Waɗannan mutane sun san kowace tsaga da kowane kogo. Jikokinsu ne ke tambayar me suka ajiye a can.

Wani abin takaici kuma, dutsen da ake danganta shi da mace jaruma, 'yan mata nawa na makarantun Zariya aka taɓa kai su su tsaya a kansa? A Japan an hana mata hawa Fuji har 1872. Bayan shekara 103, a 1975, 'yar ƙasar ce, Junko Tabei, ta zama mace ta farko da ta taka ƙololuwar Everest. Mu muna rera sunan Amina a waƙar makaranta, muna liƙa shi a ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai, amma kufan garinta sai a hoto.

Yanzu ga wanda maganar nan ta shige shi, ya ce gobe zai hau, to ya dakata ya ji. Gajeren dutse ma na kisa. Irin namu, in ya bushe yana riƙe takalmi da kyau, amma in ruwa ya taɓa shi, musamman inda gansakuka ta kwanta, ba ƙafar da za ta tsaya. Saboda haka damina ba lokacinsa ba ne, ga kuma tsawa, wadda ba ta da abin nema kamar mutum a tsaye a kan fallen dutse. Bazara ma ba lokacinsa ba ne, in ba za ka fita bayan sallar asuba ka sauko kafin hantsi ya dubi ludayi ba, domin a watan Maris da Afrilu dutsen kan ɗauki zafin da tafin hannu ba ya iya dafa shi. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne daidai, ko da yake hazo kan rage maka nisan hange. Irin wannan dutse yana ɓare ɓawo fallaye-fallaye, in ka taka falle ka ji yana amsa kamar fanko, janye ƙafarka. Kada ka zura hannu cikin tsagar da ba ka ga cikinta ba, maciji da kunama sun riga ka kama haya. In ka ji rurin ƙudan zuma, canza hanya, kada ka yi jifa. Silifa da takalmin Sallah a bar su a gida. Inda ya yi tsaye, ƙa'idar masu hawan Yari ita ce tamu: cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kafe, ɗaya kawai ke motsi.

Sannan sauka ta fi hawa haɗari. Mai hawa yana ganin inda zai taka, mai sauka kuwa gwiwa ta gaji, ido ya raina abin, hankali ya koma gida. Kuma fallen dutse daga sama duk kama ɗaya yake yi, shi ya sa na ce ku riƙe maganar ɓatan hanya. Mutum ya hau ta inda ke da sauƙi, ya juyo ya bi ta inda ya zaci nan ne, sai ya tsinci kansa a bakin gangaren da ba gaba ba baya. Samarinmu masu ja da baya-baya suna neman inda hoton waya zai fi kyau, Allah Ya shirye ku, Facebook ba zai biya kuɗin ɗori ba. Kuma a halin tsaron da muke ciki, ba wanda zai ce ka tafi kai kaɗai ko ka kai magariba. A tafi a ƙungiya, da ɗan gari a gaba, a gaya wa na gida.

Wani zai ce, malam, ana fama da tsadar masara kana maganar hawan dutse. Na ji. Amma a leƙa layin masu hawan jini da ciwon suga a asibitocinmu. Mun zama mutanen da ke hawa babur daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa. A kuma tuna da alhazanmu. Mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujera, bai tara ƙafar da zai yi aikin da ita ba. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tattakin Mina zuwa jifa. Da yawa kuma sai sun je Makka sha'awar hawa Jabalun Nur ke kama su, su ga Kogon Hira, dutsen da ya kai wajen mita 640, ko da yake malamai sun sha faɗa cewa hawansa ba ya cikin aikin Hajji. Nan za ka ga Alhaji da bai taɓa hawa ko dutsen Tukur-Tukur na nan Zariya ba ya zauna a rabin hanya yana haki. Da maniyyatan Zariya za su riƙa tattaki zuwa gindin Kufena ko da sau ɗaya a mako kafin tashi, da bita ta cika.

Abin da Kufena ke bukata ba jirgi mai saukar ungulu ba ne. Hanya guda ce da aka yarda da ita, a shafa mata alama, ta kauce wa kufan ganuwa, kuma masana tarihin tono na Jami'ar Ahmadu Bello su ne za su ce bi nan, kada a bi nan, don kada garin gyaran gira a rasa ido. In akwai wuri ɗaya ko biyu da ke son ƙarfen riƙewa, masu waldar Tudun Wada sun ƙera abin da ya fi wannan wuya. Sai littafi a bakin hanya, a hannun mutanen mai unguwa, wanda ya hau ya rubuta suna, ya sauko ya soke. Sai 'yan jagora daga samarin da aka haifa a gindin dutsen, waɗanda suka yi kiwo da farautar gafiya a kansa, a koya musu tarihin wurin da taimakon gaggawa, a yanka musu abin da mai hawa zai biya. Wanda ke cin abinci da dutse ba zai bari a fasa shi a sayar a tifa ba, ba zai bari a mayar da shi juji ko maɓoyar 'yan shaye-shaye ba. Wanda ya ƙware a nan kuma, ƙasar nan ba ta rasa na gaba: tsaunukan Shere a Jos sun haura mita 1,800, Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Kiranmu na farko ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah Ya ja zamaninsa, da Sarkin Wusasa, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da Jami'ar Ahmadu Bello: a zauna a fitar da hanya ɗaya, a sa rana ɗaya a shekara cikin sanyin hunturu da za a ce yau ta Kufena ce. Na biyu ga shugabannin makarantun Tudun Wada da Birni da Sabon Gari, na boko da na Islamiyya: kada ɗalibi, namiji ko mace, ya karɓi takardar gama sakandare a garin nan bai taɓa tsayawa a kan dutsen ya hango ganuwar Zazzau da idonsa ba. Ku nemi izinin iyaye, ku nemi ɗan gari ya shiga gaba, ku ɗauki ruwa, ku fita da sassafe.